Kafson man kifi mai "1000 mg": abin da ke gaban roba da abin da ke cikinta

Kusan duk robar man kifi da ake sayarwa don lafiyar zuciya tana ɗauke da "1000 mg" da manyan baƙaƙe. Wannan nauyin man ne gaba ɗaya. Abin da jiki ke nema a ciki kitse ne iri biyu na omega-3, EPA da DHA, kuma sai an juya bayan robar ake ganin adadinsu. A kafso na gama-gari, EPA 180 mg ne, DHA kuma 120 mg, jimilla 300 mg. Ragowar 700 mg wasu kitse ne da ba don su aka sayi robar ba. A kula kuma da layin da ke faɗin yawan shan lokaci guda, don wasu kamfanoni kan rubuta adadin ƙwaya biyu, mai saye ya zaci na ɗaya ne.

Ga wanda ba ya cin kifi sam, ƙwaya ɗaya a rana ta cike gurbin, tunda Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta ce 250 mg na EPA da DHA a rana ya wadatar da baligi. Wanda ke cin kifi mai kitse kamar sadin ko salmon sau biyu a mako ya riga ya samu wannan, kafson bai ƙara masa komai ba.

Inda tallan ya wuce gona da iri shi ne batun kare zuciya. Gwajin VITAL na 2018 a Amurka ya bai wa mutum sama da 25,000 giram ɗaya na man kifi a rana ko kafson bogi marar man kifi, kuma jimillar manyan matsalolin zuciya ba ta ragu a fili ba. Gwajin ASCEND a Birtaniya kan masu ciwon suga ya ba da irin wannan sakamako. Wanda ya nuna raguwar kashi 25 cikin 100 shi ne REDUCE-IT, amma EPA zalla aka yi amfani da shi, giram 4 a rana, maganin da likita ke rubutawa, ga masu yawan kitsen tiraigilisarayid a jini da ke shan statin, maganin rage kitsen kolestarol. Da aka gwada haɗin EPA da DHA a wannan adadin a gwajin STRENGTH, ba a ga amfani ba, aka dakatar da shi a 2020.

Saukar da tiraigilisarayid kam gaskiya ne, sai dai yana bukatar giram 2 zuwa 4 na EPA da DHA kullum. Da kafso mai 300 mg, giram 4 na nufin ƙwaya 13 ko 14 a rana. Ba aikin wannan robar ba ne, kuma a irin wannan adadin haɗarin rikicewar bugun zuciya na ƙaruwa, dole da sa idon likita. Mai shan warfarin ko wani maganin tsinka jini ya fara tuntuɓar likitansa.

Matsalar da aka fi samu ita ce lalacewar man. Zafi, haske da iska na saurin ɓata omega-3. A huda ƙwaya ɗaya da allura a shinshina: ɗan ƙarnin kifi ba laifi, amma wari mai kaifi irin na tsohon fenti da ɗaci a harshe alama ce man ya lalace. Masu ɗanɗanon lemo sun fi wuyar ganewa don ƙamshin na rufe warin. Roba mai duhu ta fi mai haske, a ajiye ta wuri mai sanyi, a rufe gam. A sha a tsakiyar cin abinci mai maiƙo, hakan na taimaka wa hanji ya tsotse shi, yana kuma rage gyatsa mai ƙarni.

Robar "Omega 3-6-9" asarar kuɗi ce: jiki na yin omega-9 da kansa, omega-6 kuwa ya cika man girki. Man hantar kifi daban ne, yana da bitamin A mai yawa, mai juna biyu ta kauce masa sai da izinin likita. Wanda ba ya cin nama da kifi ya nemi man gansakukan ruwa, yana ba da DHA kai tsaye.