Tsohuwar motar alfarma ko sabuwar motar gudu: wacce ta dace da kai?

Mai neman mota yakan tsinci kansa tsakanin biyu: Mercedes S-Class ko Lexus LS da ta sha hannu, ko kuma ƙaramar motar gudu sabuwa dal irin su Toyota GR86 da Mazda MX-5. Wajen saye tsohuwar ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin kuɗin saye daban, kuɗin riƙewa daban.

Ɗauki S-Class samfurin W221, wanda aka ƙera daga 2005 zuwa 2013. Kana rufe ƙofa hayaniyar titi ta ɗauke, kujerar fata ta rungume ka, injin V8 mai lita 5.5 yana jan mota kusan tan biyu ba tare da ka ji kukansa ba. Duk wanda ya yi doguwar tafiya a cikinta ya san daɗin gaske ne. Sai dai farashin motar ne kawai ya faɗi, na kayan gyaranta yana nan inda yake. Yawancin waɗannan motoci a kan jakunkunan iska suke tsaye, tsarin da ake kira Airmatic, kuma idan robar ta tsufa sai ta fara yoyo. Alamar ba ta ɓuya: ka ajiye mota daidai da dare, da safe ka tarar kusurwa ɗaya ta durƙusa. In aka yi sakaci, famfon da ke hura iskar zai yi ta aiki har ya ƙone, gyara ɗaya ya zama biyu. Ga kwamfutoci birjik da ba kowane makanike ke da na'urar karanta su ba, ga shan mai.

Lexus ta fi sauƙin hali. An san LS 430, ta 2000 zuwa 2006, da juriya, amma injinta da bel ɗin taimin (timing belt) yake aiki, don haka ka tambayi yaushe aka canza shi. LS 460 da ta gaje ta a 2006 ita ce ta fara zuwa da giya takwas mai canza kanta, sai dai robobin ƙafafunta na gaba sukan cinye, kuma gyaransu ba araha.

GR86 kuwa ta fito a 2021 da injin lita 2.4 mai silinda huɗu, ƙarfin doki kusan 230, tayoyin baya ke turawa, nauyinta kusan kilo 1,300 ne. Rashin nauyin nan shi ne sirrinta: kana murza sitiyari take amsawa. Akwai garanti, babu tarihin da wani ya ɓoye maka. Amma kujerun baya ko yaro sai ya takure, MX-5 ma mutum biyu kacal take ɗauka. Cikinsu kusa da ƙasa yake, kowane rami sai ƙugunka ya shaida, inshora takan yi tsada musamman ga matashi, kuma darajar sabuwar mota ta fi zubewa a shekarun farko.

A ganina, wanda mota ɗaya zai mallaka, kuma da ita zai je aiki kullum, kada ya kusanci tsohuwar S-Class sai in yana da kuɗin gyara a ajiye, ban da na saye. Mai iyali da ke son kwanciyar hankali a hanya ya nemi LS mai cikakkun takardun sabis. Wanda tuƙin kansa yake so, ba ya ɗaukar kowa sai mutum ɗaya, motar gudun ce tasa.

In tsohuwar ka zaɓa, kada ka yi cinikin biri a sama. Je ka gan ta da sassafe kafin a tayar da inji, ka duba tsayin kusurwoyinta huɗu, ka gwada kowane maɓalli, sannan makaniken da ya san irinta ya jona na'ura kafin ka biya.