Fentin hana danshi: ya riƙe bangon gabas, ya gaza a gindin bango

Daminar bara ce ta sa na sayi fentin nan da ake cewa yana hana danshi. Cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ke sauka a Kano ba ƙaƙƙautawa, uwargida ta jawo sif don ta share bayansa, sai ga bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Takalman sallata har sun fito da wani koren gashi. Ashe warin da muke ta turare ɗakin a kansa daga nan yake fitowa, ga autarmu kullum cikin atishawa.

Na sayi bokiti mai lita 20. Kafin a shafa, mun buɗe tagogi, muka kankare bangon, muka wanke shi da ruwan bilic. Kada wanda ya haɗa bilic da sinadarin wanke masai, iskar da suke fitarwa guba ce. Muka jira har iskar hunturu ta busar da bangon, sannan aka yi shafi biyu ciki da waje.

A bangon gabas, wanda ruwan sama ke duka kai tsaye, wallahi fentin ya biya kuɗinsa. An gama daminar bana babu ko ɗigon tabo. Kauri gare shi, sai dai warinsa ya hana mu kwana a ɗakin har kwana uku.

Gindin bangon falo kuwa, inda nan ma aka shafa, wata biyu da faɗuwar ruwa fentin ya fara kumbura kamar ƙuna. Na sa farce na ɓantare, sai farin gari kamar gishiri, filastar tana marmashewa. Na kira wani tsohon birkila a unguwarmu. Ya tsuguna, ya dubi inda tabon ya tsaya, bai kai ƙugu ba, ya ce, "Alhaji, wannan ruwan daga ƙasa yake hawowa. Ba a shimfiɗa leda a kan fandisho ba. Ko bokiti goma ka shafa, sai ya tofar da shi." Ya sa na manna ƙyallen leda a bangon da salatif, na bar shi kwana biyu. Da na ɗaye, raɓar tana ɓangaren da ke manne da bango, wato daga cikin bulo take.

Sai kuma ya zagaya da ni bayan gida, ya nuna min indararo yana zuba daidai gindin ginin, kwatar ma ta toshe. Kunya ta kama ni, shekara nawa ina wuce wurin.

Mai shagon bai tambaye ni ko wane irin danshi ne ba, ni ma ban san akwai iri-iri ba. Zan sake sayen fentin don bangon waje. Falo kuwa mun yashe kwata, mun sa wa indararo bututu, muna jiran rani a sassaƙe filastar a sake ta da siminti mai maganin ruwa.