Kayan sanyin yara na saƙar kwarashi: abin da na gani bayan hunturu guda

A farkon watan Nuwamba na kai wa wata mai saƙa da ke unguwarmu a Jos aikin kayan sanyin yarana uku, kuma yanzu da hunturu ya juya baya, kayan sun sha sawa sun sha wanki, lokaci ya yi da zan faɗi yadda na same su. Wanda ya taɓa kwana a garin nan cikin Disamba ko Janairu ya san cewa sanyinsa ba na wasa ba ne, domin Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma da asuba ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 11, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ga iskar da ke kwaso ƙura daga hamada, wadda mai yawa daga cikinta take tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana busar da leɓe da hancin yaro tun kafin ya isa makaranta.

A shekarun baya gwanjo nake saya, kuma ba na kushe shi, amma hular gwanjo ba a kan ɗanka aka auna ta ba: ko dai ta rufe masa ido, ko ta tsaya a tsakiyar kai ta bar kunnuwa a waje. A nan ne aikin matar nan ya fara burge ni. Ba ta yarda na faɗa mata shekarun yaran kawai ba, sai da na kawo su ta zagaya kan kowannensu da tef ɗin awo, daga goshi zuwa ƙeya, ta rubuta a wani ɗan littafi. Ta bayyana mini cewa kan jariri yakan kai kimanin santimita 35 a ranar haihuwa, ya kai wajen 46 idan ya cika shekara, don haka hular da aka saƙa wa ɗan wata huɗu ba za ta kai shi hunturu na gaba ba, kuma ba ta son ta karɓi kuɗina a kan alkawarin da ba zai cika ba.

Na ba da aikin huluna uku, safar ƙafa ta jaririya, safar hannu ga yayyenta biyu, da abin rufe wuya. Hulunan su ne suka fi komai kyau. Da kwarashi guda take saƙa, ba da kibiya biyu ba, kuma saƙar kwarashi ta fi kauri, ta fi cin zare, sai dai idan mai yi ta saki hannu takan bar ramuka da iska ke ratsawa. Na ɗaga hular ɗana mai shekara uku na duba ta a hasken taga, da ƙyar haske yake ɓullowa. Ta yi mata kunnuwa biyu da ke saukowa har muƙamuƙi, bakin hular kuma ta yi masa wata saƙa mai talewa, ta yadda yake kama goshi ba tare da ya bar shaida a fata ba. Ta jaririyar babu ɗinki ko ƙulli a cikinta, domin daga tsakiyar kai ta fara ta yi ta zagayowa, saboda haka babu abin da ke gugar maɗiga idan an goya ta.

Akwai abubuwa biyu da na nema ta hana ni, kuma daga baya na gane gaskiyarta. Na so a sa wa hular jaririya tuntu da ’yan duwatsun ado, sai ta ce, “Maman yara, duk abin da hannun jariri ya iya cirowa, baki zai kai shi.” Na kuma so dogon mayafin wuya irin wanda ake naɗewa, ta ce yaro mai guje-guje zai iya maƙale shi a ƙofa ko a babur, sai ta saƙa musu gajere mai maɓalli ɗaya babba, wanda ke ɓallewa idan an fizge shi. ’Yata mai shekara bakwai ita ke sa wa kanta nata kowace safiya.

Batun zare shi ne wanda nake so kowace uwa ta tsaya a kai. Abin da muke kira ulu a kasuwanninmu, mafi yawansa ba gashin tumaki ba ne, zaren akirilik ne da ake sarrafawa a masana’anta daga sinadaran man fetur, kuma da shi ta yi mini aikin, ba ta ɓoye ba. Yana da araha, yana bushewa da wuri, ba ya ƙanƙancewa a wanki kamar ulun gaske, kuma bai sa wa yarana ƙaiƙayi ba. Illarsa ita ce wuta. Ulun tumaki ba ya saurin kamawa, shi kuwa wannan narkewa yake yi kamar leda ya manne a fata, alhali lokacin sanyi ne ake hura garwashi a kasko yara su zagaye shi suna jin ɗumi. Na ga haka da idona ranar da ɗana ya miƙa hannu kusa da murhu: gefen safar ya ƙanƙance ya zama wani baƙin dunƙule mai tauri, Allah ya kiyaye bai kai ga yatsa ba. Tun daga ranar na kafa doka cewa ba a zuwa kusa da wuta sai an tuɓe safar hannu. A ganina wannan gargaɗi ya kamata ta riƙa yi wa duk mai saye tun kafin ya tambaya, domin ni sai da na koma da safar a hannu sannan ta yi mini bayani.

Inda aikin ya gaza ba shi da yawa, amma yana nan. Ta yi mini alkawarin mako biyu bayan na ba da kafin alƙalami, sai da aka shiga na huɗu kayan suka fito, lokacin da jaura ta riga ta sauko, saboda ita kaɗai ce kuma kowa a lokaci guda yake kawo aiki. Jan zaren da na zaɓa wa babbar ya zuba a wankin farko har ya ɓata farar safa, don haka mai launi mai duhu a fara wanke shi shi kaɗai. Safar ƙafar jaririya kuma ba ta da abin kama idon sawu, tana ta zamewa a cikin goyo, har guda ta ɓace a hanyar asibiti. Da na yi ƙorafi ta saƙa mini wata mai ɗan tsawo, ba ta karɓi ko sisi ba.

Kuɗin ya fi na gwanjo nesa ba kusa ba, amma na zauna na ga yadda hula guda take cinye mata yini, kuma saƙar kwarashi aikin hannu ce tsantsa, kowane ƙulli sai yatsunta sun bi ta kansa, shi ya sa ban nemi ragi ba. Da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi nake wankewa, in matse a hankali ba tare da murɗewa ba, in shimfiɗa a kan tabarma a inuwa, domin idan aka rataye a igiya nauyin ruwa yana ja su su saki. Bayan wata uku hulunan suna nan da siffarsu, in ban da ’yan ƙananan curin gashi da suka fito a ƙeya, waɗanda na tsince da almakashi. Na riga na wanke su na adana a akwati, ta babbar za ta koma kan ƙaninta idan Allah ya kai mu, awon sababbi kuwa tun watan Satumba zan kai mata.