Manhajar canza ma'aunin kauri: tauraro uku na ba ta, ga dalili

Jama'a salamu alaikum, wata biyu ke nan ina aiki da wata manhaja ta kyauta da na sauke a waya, wadda ke juya ma'auni daga wannan zuwa wancan, ita ce nike son in ɗan yi bayani a kai ko wani ya amfana. Mu sana'armu gyaɗa ce nan Maradi, tunkuza muke niƙawa muna zubawa a roba, wani lokacin da zuma idan an kawo muna daga ƙauye. Da cokali da hannu yara ke cikawa, aikin ba ya sauri ga ɓarna, sai munka yanke shawarar sayo injin cikawa daga Sin ta hannun wani abokin kasuwanci a Kano.

To nan ne rigimar ta soma. Takardar injin ta ce yana ɗaukar abu mai kauri har 100 Pa.s (pascal-seconde, wani ma'aunin kauri), ni kuma teburin da na samu na kaurin abinci da wani ma'aunin daban, cP (centipoise), aka rubuta shi, an sa tunkuza wajen 250,000 cP. Wallahi ban taɓa sanin kauri na da ma'auni kamar kilo da lita ba sai ranar.

Abin da ya burge ni da manhajar, ba ta buƙatar rezo, ko mega ya ƙare tana aiki, kuma lamba ɗaya za ka buga ta jero maka sauran duka a ƙasa. A nan na gane lissafin ma ba wani abin tsoro ba ne: Pa.s 1 daidai yake da P (poise) 10, daidai da cP 1000, shi kuma mPa.s da cP abu guda ne suna ne kawai ya bambanta. Ke nan injin namu iyakarsa cP 100,000. Ta kuma ware wani ma'aunin, cSt (centistokes), a wani shafi daban, wannan ma dabara ce mai kyau don shi ba ɗan gidansu ba ne, sai ka raba cP da nauyin lita ɗaya ta abin a kilo kafin ka same shi, misali zuma da lita ɗaya ke kai wajen kilo 1.4, cP 10,000 nata bai wuce cSt dubu bakwai da 'yan kai ba.

Amma fa ta kusa ja mini asara, kuma a kan wakafi kawai. Wayata da Faransanci take, na kwafi 250,000 yadda 'yan Ingilishi ke rubutawa na liƙa, ita kuwa ta ɗauki wakafin a matsayin birgil ɗinmu na lekol mai raba cikakkiyar lamba da guntunta, wato 250 cak, ta ba ni 0,25 Pa.s ba ko gargaɗi. Na yi ta murna ina cewa ai injin nan ya yi muna yawa ma, har na kira Alhaji, abokin kasuwancin nan na Kano, na ce a tura kuɗin kafin alƙalami. Allah ya taimake ni ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya shigo cin tuwo da dare, ya leƙa wayar ya ce, "Kawu, ruwan sha fa cP 1 ne, zuma dubbai take kaiwa, yanzu tunkuzar da cokali ke tsayawa a cikinta tsaye ita ce 250? Wannan ai kaurin man mota ne." Munka goge wakafin munka sake bugawa, sai ga 250 Pa.s, ninki biyu da rabi na ƙarfin injin. Da gari ya waye tun kafin in karya na kira Kano na ce a dakata.

Wani gibin kuma, babu ma'aunin Pl (poiseuille) a cikinta sam. Mu da takardunmu da yawa daga Faransa suke zuwa muna cin karo da shi, kuma Pl 1 shi ne Pa.s 1, alhali P kashi ɗaya ne cikin goma na Pa.s, harafi guda ya raba su amma ninki goma ne tsakani. Yaron ya ce duka biyun sunan mutum ɗaya ne, Poiseuille, likitan Faransa da ya yi nazarin gudun jini a jijiya, ya rasu a 1869. Talla ma tana damuna, da ka kunna mega sai ta rufe rabin allo.

Sai abin da ba laifinta ba ne amma ya kamata su rubuta ko layi ɗaya: lambar abu mai kauri sosai ba ta zama wuri guda. Duk mai wannan sana'a ya sani, tunkuzar da ta fito daga injin niƙa da zafinta malala take, ita ɗin ce dai da safiyar hunturu sai ka sa ƙarfi kafin muciya ta shiga, kuma in ka yi ta juyawa tana ƙara saki. Zuma ma a zafin watan Afrilu daban, a Janairu daban. Shi ya sa yanzu na aika wa mai injin tambaya a kan zafi nawa sunka auna 100 ɗin nasu, don in da ɗumi za mu riƙa cikawa wataƙila ya iya. Yau kwana tara ina jiran amsa, yara kuma suna nan da cokulansu.