Gargaɗi: masu sayar da katin nutso a WhatsApp ba tare da an shiga ruwa ba

'Yan uwa da ke karatu ko aiki a Masar, musamman waɗanda suka koyi nutso da tukunyar iska a Dahab ko Hurgada suke son ƙara mataki, ku kula. Akwai 'yan damfara da ke bin mutane a Facebook da WhatsApp suna cewa su wakilan ƙungiyoyin ba da katin shaidar iya nutso ne, irin su PADI da SSI da CMAS.

Abin da suke fara gaya maka shi ne katin da ke hannunka ba shi da daraja. In na SSI ne su ce PADI kaɗai duniya ta sani, in na PADI ne su ce CMAS Turai ke karɓa. Sai su ce ka turo kuɗi da hoto, za su sauya maka kati, har su ɗaga ka zuwa mataki na gaba ba sai ka jiƙa ƙafa ba.

Ƙarya ce tun daga tushe. CMAS, wadda aka kafa a Monako a 1959, da PADI ta 1966, da SSI ta 1970, duk sun san matakan juna. Mai katin farko na SSI yana iya shiga kwas na gaba a PADI da katinsa yadda yake, haka nan in an juya. Babu wani kuɗin sauyi da ɗalibi ke biya. Abin da ya kamata ka tsaya kana aunawa shi ne malamin da zai shiga ruwa da kai, da yawan ɗaliban da yake ɗauka a lokaci guda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaga matakin. Katin farko na PADI ko SSI iyakarsa zurfin mita 18. Na gaba a PADI yana kai mutum mita 30, amma sai ya yi nutso biyar tare da malami, ciki dole akwai na zurfi da na gane hanya da kamfas. Akwai dalili. A mita 30 nauyin da ke kanka ya ninka na doron ƙasa sau huɗu, iskar tukunya tana ƙarewa da sauri sau huɗu, kuma naitirojin da ke cikin iskar da kake shaƙa yana iya sa kai ya yi jiri kamar maye. Wanda ya ruɗe ya riƙe numfashi ya yi sama, huhunsa na iya fashewa. Wanda ya taso da gaggawa, iska ta yi kumfa a jininsa, ana iya samun shanyewar jiki. Ɗan damfara ya ci kuɗinsa yana gida, kai ne a ƙarƙashin Bahar Maliya, iyalinka kuma suna jiranka.

Wasu ma da aiki suke yaudara, wai katin zai sama maka gurbi a kamfanin mai na cikin teku. Katin PADI ko SSI na nishaɗi ne. Nutson aiki makarantarsa daban, shaidarsa daban, irin ta hukumar HSE ta Birtaniya ko ADAS ta Ostireliya.

Kafin ka biya ko sisi, ka nemi lambar malamin ka duba ta a shafin ƙungiyar da kanka, ka tabbata rajistarsa ba ta ƙare ba. Kada ka bi mahaɗin da shi ya turo maka. A Masar ka tambayi shaidar rajistar cibiyar nutson da CDWS, wato ƙungiyar da ke sa ido kan cibiyoyin nutso a ƙasar, ka je ka ga kayan aikinsu da idonka. Wanda bai tambaye ka takardar lafiya da littafin da kake rubuta nutsonka ba, kuma yake son kuɗi a asusun kansa, ka toshe lambarsa, ka kai rahotonsa ga ƙungiyar da yake amfani da sunanta.