Pailorik ko gastirik, wanne za a fara da shi?

Ɗalibai sun dame ni da tambayar wane kaɗawa (bugun jijiyoyi mai maimaituwa) za su nazarta, pailorik ko gastirik, a kullin jijiyoyin da ke sarrafa tumbin kaguwa, mai ƙwayoyin jijiya kusan 30. To pailorik dai, wato kaɗawar da ke motsa ɓangaren tumbi mai tace abinci, ba ya tsayawa, kusan sau ɗaya yake bugawa duk daƙiƙa, ƙwayar jijiya mai suna AB ce ke jan ragama tare da ƙwayoyin PD, ko ka ciro kullin, haɗe da ƙullayen jijiyar da ke sama da shi, ka sa a ruwan gishiri zai ci gaba abinsa. Shi kuwa gastirik mai motsa haƙora uku na cikin tumbi yana da jan rai wallahi, wajen daƙiƙa 10 kowane zagaye, kuma sai ƙullayen jijiyar da ke sama sun zuga shi, ƙwayoyin LG da Int1 ke danne juna ta mahaɗarsu bi da bi. Sabon shiga ya kama pailorik. Mai haƙuri da ke son ganin aikin mahaɗar jijiya, gastirik ne nasa.