Kalandar bango mai kwanan wata biyu: ra'ayin wani tela

Duk shekara idan Zulhajji ta raba tsakiya nakan leƙa wajen masu littattafai a Kasuwar Kurmi in sayi kalandar sabuwar shekarar Hijira. Ta bana mai shafi goma sha biyu ce, kowane wata da nasa, daga Muharram zuwa Zulhajji. Kwanan watan Musulunci an buga shi da manyan lambobi baƙaƙe, na boko kuma ƙanana da jan tawada a ƙasansa. Kuɗinta bai kai na yadi ɗaya na atamfa mai araha ba.

Ni tela ne a Fagge. Hayar shago da kuɗin wuta da kuɗin makarantar yara duk da watan boko ake karɓarsu, amma ɗinki watan sama yake bi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka sallah kan matso da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Ƙaramar sallar 2024 ta faɗo ranar 10 ga Afrilu, ta 2025 kuwa 30 ga Maris. A wajen tela wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Idan sallah ta faɗo tsakiyar watan boko, ma'aikaci ya karɓi albashi da sauran lokaci, shadda kan zo da wuri. Idan ta faɗo ƙarshen wata, sai ana saura kwana uku ka ga mutum da leda yana cewa, "Maigida, ka taimaka, sai yau aka biya mu." A nan kalandar ta fi yi mini amfani: lamba biyu a gida ɗaya, kallo ɗaya na san irin watan da zan shiga.

Da ita nake tsara shekara. Rajab da Sha'aban na kayan biki ne, domin kowa na so a kai amarya kafin azumi. Goma ga Ramadan nake rufe karɓar ɗinkin sallah, ko ɗan uwana ne. Rabi'ul Awwal kuwa na 'yan Islamiyya ne da kayan Mauludi, har zuwa Takutaha ranar 19 ga wata da ake hawa Dala. Masu kalandar sun sa alama a kan Ashura da Arfa da sallolin biyu, amma sun tsallake Takutaha, abin da ya ba ni mamaki ga kalandar da aka buga a Kano.

Na saya wa Hajiyarmu guda. Ita ba ruwanta da jajayen lambobin. Abin da take nema 13, 14 da 15 ga wata don azumin fararen kwanaki, kuma girman rubutun ya sa tana gani ba sai ta nemi jika ba. Da gwaggonmu ta shiga takaba, a kan irin wannan kalandar aka ƙirga mata wata huɗu da kwana goma. Maƙwabcina mai sayar da zare shi ma ya rataya tasa saboda zakka. Ya ce wanda ke lissafin zagayowar shekara da watan boko yana jinkirta haƙƙin talakawa kwana goma sha ɗaya duk shekara, cikin shekara 33 ya ci zakkar shekara guda bai sani ba.

To, ga inda take da gyara, kuma babba ne. An buga ta da hisabi tun kafin shekarar ta kama, alhali mu a nan wata ba ya kamawa sai an gan shi, kwamitin ganin wata ya tantance, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato. Watan da kalanda ta ba kwana 29 yana iya cika 30. Daga nan sai duk shafin gaba ya goce da kwana ɗaya. Wannan ba laifin mai bugawa ba ne, ba wanda ya san gaibu. Laifinsa shi ne bai rubuta ko layi ɗaya ba yana cewa a jira sanarwa. Yaran shagona ma wayoyinsu lissafin Ummul Ƙura na Saudiyya suke bi, sai ka ji ɗaya ya ce, "Oga, ai yau ɗaya ga wata." In ce masa ya kunna rediyo tukuna. Wanda ke lissafin idda ko takaba, kwana ɗayan nan ba abin wasa ba ne, ya tambayi malami, kada ya tsaya ga bango.

Da ma za a iya gyarawa da hannu, to takardar mai sheƙi ce, biro ba ya kama ta, fensir kuwa zamewa yake yi. Dole na manna farar takarda a gefe ina rubuta ranar da aka ce wata ya tsaya. Jadawalin lokutan salla da ke ƙasan shafi na Kano ne kawai, kuma ba a faɗa ba. Wanda ya kai ta tsaraba Maiduguri ko Birnin Kebbi ya gargaɗe su kada su sha ruwa da shi.

Sai ayoyin Alƙur'ani da aka ƙawata kan kowane shafi da su. Suna da kyau a ido, amma wata na ƙarewa ba ka iya yage shafin ka jefa a kwandon ƙyallaye, sai ka nemi inda za ka adana ko ka ƙona. Ni da sun bar wurin fili, a takarda marar sheƙi, da na ƙara kuɗi na saya. Duk da haka baɗi ma zan saye ta, guda uku: ta shago, ta gida, da ta Hajiya.